Darasin Wannan Mako: Rubuta Abin Da Ya Taɓa Zuciya A Insha'in Neman Karatun Likitanci

Da yawa daga cikinmu muna da burin zama likitoci, shi ya sa a wannan makon muka zaɓo darasin da ya haɗa insha'i da likitanci. Tambayarmu ita ce: idan wani abu mai ciwo ya taɓa faruwa da mutum ko da danginsa, ya dace ya rubuta shi a takardar neman shiga makarantar likitanci? Idan ya dace, yaya zai rubuta?

Wane insha'i ne wannan?

A Najeriya, mai son karatun likitanci yana zana jarrabawar JAMB a darussa huɗu: Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fizis. Daga nan jami'a ta yi tata tantancewar, karatun kuma shekara 6 ne. A Amurka da Birtaniya akwai ƙarin wani sharaɗi. Dole mai nema ya rubuta insha'i a kan kansa, ya faɗi dalilin da ya sa yake son zama likita.

A Amurka sai mutum ya gama digirin farko, ya zana jarrabawar MCAT, sannan ya cika takardar nema ta intanet. Yawancin makarantun likitanci na can suna amfani da tsarin da ake kira AMCAS. A wannan tsari insha'in ba ya wuce haruffa 5,300, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, wato shafi ɗaya da 'yan layuka. Insha'i ɗaya ake tura wa duk makarantun da mutum ya zaɓa, kuma da zarar ya tura ba ya iya gyara shi. A Birtaniya kuwa ta hannun UCAS ake nema, haruffa 4,000 ne iyaka, kuma masu neman likitanci sukan miƙa nasu zuwa tsakiyar watan Oktoba.

Wani zai ce ina ruwanmu, tunda muna ƙaramar sakandare. Da ruwanmu. Yawancin masu ba da tallafin karatu zuwa ƙasashen waje suna neman irin wannan insha'i. Ko a aji ma ana ba mu jigo kamar "Ranar da ba zan manta ba", kuma ƙa'idojin duk iri ɗaya ne.

Ina matsalar take?

Mutane da yawa wahala ce ta fara sa musu sha'awar likitanci. Wani mahaifiyarsa ta daɗe tana jinya. Wata ƙaninta na fama da sikila. Wani shi da kansa ya yi ciwon damuwa, wani kuma ya tashi a gidan da ba a zaman lafiya. Idan suka ɓoye wannan, insha'insu zai zama fanko, domin sun cire ainihin dalilinsu. Idan kuma suka zazzage komai, za su iya tona asirin kansu da na wasu a gaban baƙin da ba su taɓa gani ba.

Hausawa suna cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Su ne kuma suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mai wannan insha'i yana tsaye ne tsakanin waɗannan karin magana biyu. Abin da muka fahimta shi ne, masu tantancewa ba gasar wahala suka shirya ba. Suna son su ga me mutum ya yi da abin da ya same shi, kuma ko ya san abin da ake faɗa da abin da ake riƙewa. Wannan shi ne rabin aikin likita. Rantsuwar Hipokiratis, likitan Girka na zamanin da, ta ƙunshi alkawarin riƙe sirrin marar lafiya. Sanarwar Janeba ta 1948, wadda Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar, ita ma ta ƙunshi wannan alkawari. Saboda haka insha'in kansa jarrabawa ce ta riƙon amana.

Tambayoyi huɗu kafin a ɗauki biro

1. Labarin wa ne? Idan ciwonka ne, kai ke da ikon faɗa ko yin shiru. Idan na mahaifinka ne ko na yayarka, nasu ne, sai ka nemi izininsu. Idan kuwa na wani marar lafiya ne da ka gani a asibiti, kada ka kama sunansa, ko unguwarsu, ko wata alama da za a gane shi da ita. A Amurka akwai doka ta 1996 da ake kira HIPAA wadda ke kare bayanan marasa lafiya.

2. Za ka iya maimaita shi da baki? Bayan insha'i akwai ganawa ido da ido, kuma duk abin da ka rubuta za a iya tambayar ka a kansa. Ka gwada ba wa wani babba da ka yarda da shi labarin. Idan har yanzu kuka ke ƙwace maka ka kasa ƙarasawa, to ciwon bai warke ba tukuna. Wannan ba abin kunya ba ne. Sai ka zaɓi wani jigo, wancan kuma ka nemi wanda zai taimake ka a kansa.

3. Yana da alaƙa da likitanci? Ba kowane baƙin ciki ne ke bayyana dalilin son zama likita ba. Idan aka cire labarin kuma insha'in bai rasa komai ba, to tun farko ba wurinsa ba ne.

4. Me ka yi bayan nan? Nan ne zuciyar insha'in. Ka karanta wani abu a kan cutar? Ka yi aikin sa kai? Ka canza yadda kake kallon marasa lafiya? Idan babu amsa, labarin zai tsaya a ban tausayi kawai, kuma tausayi ba ya sa a ɗauki mutum karatu.

Misali

Mun ƙirƙiri wata mai nema wadda ƙaninta ke da sikila, muka rubuta mata sakin layi iri biyu. Ga na farko:

"Rayuwata cike take da baƙin ciki. Kullum ƙanina yana ihu cikin dare, babanmu da mamarmu suna faɗa a kan kuɗin magani, har dangin baba suna cewa mama ce ta jawo. Babu wanda ya sha wahala kamata. Don haka ina roƙo a tausaya a ɗauke ni."

Ga na biyu:

"Ƙanina yana da sikila. Ina 'yar shekara 12 na fara lura cewa ciwon ya fi tasar masa lokacin sanyi da kuma ranar da bai sha ruwa sosai ba, sai na soma rubutawa a littafi. Da na nuna wa likitarsa, ta zauna ta karanta, ta kuma bayyana mini yadda ƙwayoyin jini masu siffar lauje ke toshe ƙananan jijiyoyi. Ranar na gane cewa lura ma magani ce. Daga baya na shiga masu wayar da kan matasa a kan gwajin jini kafin aure."

A na farko an tona rikicin iyaye, an zargi dangi, kuma ba mu koyi komai game da mai rubutun ba sai cewa ta sha wahala. A na biyu jimla ɗaya tak aka ba cutar. Sauran duk a kan abin da ta lura, ta koya, ta kuma aikata. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma ɓoye sikilar ba, amma faɗan gidansu ya tsaya a gida. Ko wannan ɗin ma sai ta nemi yardar ƙanin nata da iyayensu kafin ta tura.

Abubuwan kiyayewa

Kada a yi ƙari don labari ya yi daɗi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma tambaya biyu a wurin ganawa sun isa su tona shi.

Kada a zagi likitoci ko wani asibiti. Idan an taɓa yi wa mutum ba daidai ba, zai iya faɗin abin da ya koya ba tare da kama suna ba. Masu karanta takardar da yawansu likitoci ne.

Kada a siffanta jini, rauni ko cin zarafi dalla-dalla. Jimla ɗaya ko biyu sun wadatar.

Wanda ya zaɓi ya ambaci ciwon damuwa ko wata cuta da ya yi, ya nuna cewa ya nemi taimako da yadda yake kula da kansa yanzu. Wanda kuma ya zaɓi yin shiru bai yi laifi ba. Babu wanda ake tilasta wa bayyana ciwonsa a insha'i.

A ajiye rubutun na 'yan kwanaki, a sake karantawa, sannan a ba malami ko wani babba ya duba. Magana zarar bunu ce, kuma mun riga mun ga cewa wanda aka tura ba ya dawowa.

Aikin gwaji

Kowa ya rubuta layi goma a kan wani abu mai wuya da ya taɓa gani. Layi biyu a kan abin da ya faru, layi takwas a kan abin da ya koya da abin da ya yi. Daga nan ya ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da ta shafi sirrin wani, ya tambayi kansa ko mai sirrin zai yarda a karanta ta a gaban aji. Wannan aikin ba na kafewa a allo ba ne, kowa ya bar shi a littafinsa. Wanda rubutun ya tayar masa da wani abu mai nauyi, muna ba shi shawara ya sami malami mai ba da shawara ko wani babba da ya amince da shi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Daga wakilan aji biyu, Kulob ɗin 'Yan Jarida