Oska biyu a tankin gofi

Asabar ɗin da ta wuce, ko kumallo ban karya ba, wata Hajiya da na haɗa wa tanki a Nasarawa ta kira ni. "Malam, don Allah ka zo ka duba mana. Kifayen yaron nan ƙarewa suke yi, kuma ko gawa ɗaya ba mu gani ba." Duk wanda ya daɗe a sana'ar nan, da ya ji an ce babu gawa, ya san inda gawar take.

Tankin ƙafa uku ne, lita 120 da 'yan kai. Ni na haɗa shi bara, kuma da lissafi na zuba abin da na zuba: gofi a sama, niyon tetira goma sha biyu a tsakiya, kori shida a ƙasa, ga ciyawar ruwa ta kama sosai. Saboda ɗanta aka yi shi, yaro ɗan firamare mai sikila, wanda in ciwon ya motsa sai ya yi makonni bai leƙa makaranta ba. Shi ke ba su abinci. Har wani ɗan littafi gare shi da yake rubuta ranar da gofi ta haihu da yawan 'ya'yan da ya ƙirga. Da na ga mutanen gidan sun iya canjin ruwa da wankin filta, sai na sakar musu, sai dai gaisuwa ta waya.

Ashe wajen wata huɗu da suka wuce baffan yaron ya zo gidan, ya tsaya gaban tankin ya ce waɗannan 'yan mitsi-mitsin ba su cika ido ba. Da niyyar alheri ya biya wajen wani mai sayar da kifi a bakin titi, ya sayo oska biyu, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba, aka ɗora masa juwel biyu a matsayin gyara. Ya ce ya tambaya ko za su zauna da ƙanana. Aka ce masa, "Alhaji, ai duk kifi ne. In dai suna ƙoshi ba ruwansu da kowa." Ya zo aka kwance leda aka juye, da ruwan ledar da komai.

Oska a shekararsa ta farko yakan ƙara kusan inci ɗaya a wata. Waɗannan na same su sun kai tafin hannuna. Niyon ko ɗaya babu. Gofi biyar suka rage, sun maƙale a bayan filta, wutsiya duk a yage. Ciyawar nan an tumɓuke ta tana yawo a saman ruwa, don oska ba ya barin shuka a inda aka dasa ta. Juwel ɗin kuwa, aka yi rashin sa'a namiji da mace ne, sun zuba ƙwai a kan dutse, sun yi jawur, sun ƙwace rabin tankin, har ɗaya oskan yana da sara a gefen ciki. Kori sun fito da farin ɗigo. Na gwada ruwan, amoniya ta nuna, domin filtar da na sa ta ƙananan kifi ce, ba ta ɗaukar kashin oska biyu.

Duk wannan na saba gani. Abin da ya ɓata mini rai shi ne an yi makonni ana yi wa 'yar aikin gidan faɗa, wai ita ke zuƙe kifayen da tiyo in tana canjin ruwa, har an fara maganar a mayar da ita ƙauyensu. Alhali yaron ya faɗa tun farko cewa ya ga wutsiyar gofi a bakin babban. Aka ce ya yi shiru, ai mai kifi ya ce ba sa ci. Maganar mutumin da ko sunan kogin da kifin ya fito bai sani ba, ita ta rinjayi idon yaron da ke wuni gaban gilas.

Na kwashe oskan na kai babban tankina, na ware juwel, na canza rabin ruwa, na fara maganin ɗigon. Ina cikin haɗa kaya yaron ya ce, "Kawu, in na riƙa ba shi abinci da yawa zai daina?" Na ce masa ba zai daina ba. Hajiya ta kira yarinyar ta ba ta haƙuri a gabana, wannan kam na yaba mata.

Duk abin da ya shige bakin kifi, abincinsa ne. Ƙoshi ba ya canza hali. Girman da kifi zai kai ake tambaya, ba girman da yake da shi a cikin leda ba. Kuma ba a yi wa mai tanki kyautar kifi sai an tambaye shi.

Ku kuma masu sayarwa, ku ji tsoron Allah. Kun san sarai zaman lafiyar da ake gani a tankin shago zaman 'ya'ya ne, an cunkusa su, ba wanda ya balaga, ba wanda ya samu wurin da zai ce nasa ne, kuma kafin su yi wayo an sayar. Oska daga kogunan Amazon yake, yana kai santimita 30 ko fiye, yana iya wuce shekara goma a raye. Ka ɗauki wannan ka miƙa wa mai tankin gofi, ka ba kura ajiyar nama ke nan, sannan ka ƙirga kuɗinka. In ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, ba wanda zai yanka ka.

Masu saye ma ba su fita ba. Mutum zai shigo yana nuna launi da yatsa, a ba ni wannan ja, a ba ni wancan mai ratsi, in ka ce ba za su zauna tare ba ya ɗauka rowa kake yi masa ko so kake ya sayi tanki na biyu. Sai ya fita ya saya a wani wuri, bayan sati biyu ya turo maka hoto.

Beta maza biyu ba sa zama ruwa ɗaya. A Tailan, inda ya fito, don faɗa aka daɗe ana kiwonsa. Ko gofi namiji mai doguwar wutsiya ka sa masa, yana iya ɗaukarsa abokin gaba. Taiga bab kuma nasa sharrin daban ne, ba haɗiye kifi yake ba, tsinken fiffike yake yi. In ka sa biyu ko uku, enjel ɗinka da betanka za su koma tsumma. In dole sai ka ajiye shi, ka sa takwas zuwa goma, su ƙare rigimarsu a tsakaninsu, kuma duk da haka kada ka haɗa su da mai dogon fiffike. Shi kansa enjel ɗin da ake gani salihi, siklid ne kamar oska. Yana girma zai fara tsintar niyon ɗaya bayan ɗaya, galibi in an kashe fitila, da safe ka ga lissafi bai cika ba.

Mbuna na Tafkin Malawi su kaɗai ake haɗa su, da duwatsu masu yawa, a ruwa mai tauri da pH ɗinsa ke kusa da 8. Niyon na son ruwa mai laushi. In ka haɗa su, ko da faɗa bai kashe niyon ba, ruwan zai wahalar da shi. Dabarar cika tanki da mbuna don duka ya rarrabu gaskiya ce, amma sai mai filta babba da wutar da ba ta yankewa. Wanda famfon iskarsa ke jiran NEPA kada ya gwada, musamman a zafin Afrilu da iskar ruwa ke raguwa.

Golfish ba na ruwan ɗumi ba ne, a raba shi da waɗannan duka. Fulawahon shi kaɗai. Shak mai jar wutsiya, ɗaya a tanki.

Na gida ma ba sauƙi gare su ba. Juwel ɗin nan ɗan Afirka ta Yamma ne, danginsa na nan a kogunanmu, kuma in yana gadin ƙwai ba ya duba girman wanda ke gabansa. Wasu kuma yara ke kawo musu 'ya'yan tarwaɗa ko ƙarfasa daga Tiga ko Challawa su jefa a tanki, wai a samu kifi kyauta. Tarwaɗa da dare take farauta. Ƙarfasa tona ƙasa take yi. Ga cutar da za su shigo da ita, tunda ba wanda ke da haƙurin killace sabon kifi na sati biyu zuwa huɗu a wani tanki daban kafin ya haɗa.

Akwai haɗin da ke yiwuwa, ban ce babu ba. Mai ɗan zafin rai kamar kiribensis, wanda asalinsa kudancin Nijeriya ne da Kamaru, yana zama da tetira masu jiki in tankin ya kai ƙafa huɗu, an yi koguna da itace da shuka yadda wanda aka kora zai ɓace wa idon mai korarsa. Masu sanyin hali ake fara sawa, mafaɗacin ya zo daga ƙarshe, a sauya wa duwatsu wuri ranar da zai shiga. Kuma a ajiye raga ta raba tanki a kusa. Kifin da ya maƙale a kusurwar sama ko bayan hita ya daina cin abinci, dukansa ake yi, a cire shi a ranar, kada a ce bari mu ga gobe.

Ina maimaitawa saboda ita ce ƙaryar da ta fi yawo: ƙara abinci ba ya hana farauta. Ruwa kawai yake ɓatawa, ka haɗa wa ƙananan tsoro da amoniya.

In oska ya fi ƙarfin tankinka, ka mayar wa wanda ya sayar maka ko ka nemi mai babban tanki. Kada ka kai shi dam ko kududdufi ka saki. A kudancin Fulorida ta Amurka tun wajen shekarun 1950 oska ya shiga magudanan ruwa, har yau yana nan yana hayayyafa.