Darasi Daga Kamfanin Krispy Kreme

A shekarar 1937 ne Vernon Rudolph ya fara soya donot, wani irin fanke mai rami a tsakiya, a garin Winston-Salem na Amurka. Da ƙamshi ya riƙa tsayar da masu wucewa, sai ya huda bango ya shiga sayar masu da shi da zafinsa.

Wannan zafi shi ne ainihin jarin kamfanin. Amma bayan shigarsa kasuwar hannun jari a 2000, sai ya yi ta buɗe rassa, yana kai donot mai sanyi kantuna da gidajen mai, har abin marmari ya zama gama-gari. Hannun jarin da ya kusa dala 50 a 2003 ya faɗi ƙasa da dala 10 a 2005, shekarar da aka sauke shugaban kamfanin.