Darasi: Kuɗin Kallo da Kuɗin Taki

Karatu: Luka 14:28-30

'Yan'uwa, sa'ad da muke zagaya ƙauyuka mun lura da wani abu. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu shekarar 2023, gidaje da yawa sun rage nama, sun rage sukari, waɗansu har sun rage taki. Amma farantin talabijin yana nan bisa rufin ɗaki, ana kuwa biya masa kuɗi kowane wata.

Me ya sa? Ranar da kuɗin DStv ko GOtv ya ƙare, a ranar hoto yake ɗaukewa. Yara su yi ta kuka, samari su tafi gidan kallo domin ƙwallon Ingila su komo da tsakar dare, maƙwabta kuma su gane. Maigida ba ya so a ce ya kāsa. Gona kuwa ba ta kuka. In an hana ta buhun taki a watan Yuni, ba za ta ce kome ba sai Oktoba, sa'ad da rumbu ya tsaya rabi. Ga kuma biya kaɗan kaɗan. StarTimes yana karɓar kuɗin yini ko na mako, mutum ba ya jin nauyinsa, gama bai taɓa tara shi wuri ɗaya ya gani ba.

Ba mu ce kallo zunubi ne ba. Mu ma muna kallo, gara kuma yaro ya zauna gida da ya yi yawon dare. Amma ana iya dainawa. Kamfanin MultiChoice ya ƙara farashi a 2023 da 2024, daga baya shi da kansa ya sanar cewa masu biya da yawa a Nijeriya sun bari.

Ga aikin wannan mako. Maigida da uwargida su zauna tare, kamar mai ginin nan da muka karanta labarinsa. Ku tara kuɗin kallo na wata 12, ku haɗa da man janareto ko cajin batir. Ku raba da kuɗin mudun masara a kasuwarku. Mudu nawa ke nan? In ya yi yawa, ku koma ƙaramin tsari, ko tashoshin da ake kamawa kyauta, ko kuwa ku dakata daga shuka zuwa kaka, lokacin da gajiyar gona ba ta barin kowa ya yi hira. Ku zo da lissafinku taro na gaba.