Annoba da Jarirai: Yadda Za a Karanta Lissafin Asibiti

Cikin 2020, sa'ad da annobar korona ta game duniya, gwamnatoci suka hana fita, aka rufe makarantu da kasuwanni, kamar yadda aka yi a Kano cikin watan Afrilu. Likitocin yara kuwa suka shiga zullumin wani abu dabam, watau halin da jariri zai kasance in an kulle shi da iyayen da sana'arsu ta tsaya, ba kaka kusa, ba maƙwabciyar da za ta karɓe shi in ya ƙi yin shiru.

Abin da suka fi tsoro shi ne jijjiga. Kan jariri yana da nauyi, wuyansa bai yi ƙwari ba. In babba ya fusata da kukansa ya jijjiga shi da ƙarfi, ko da na ɗan lokaci ne, sai ƙananan jijiyoyin da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai su tsinke, jini ya taru, sau da yawa har cikin ido. Ba lalle a ga rauni a fata ba. Sai dai a ga yaro yana amai, ya ƙi nono, ya yi ta barci, maɗiga ta kumbura, ko ya sandare. Wanda bai sani ba sai ya ce iska ce.

A Ingila, a asibitin yara na Great Ormond Street da ke Landan, an karɓi jarirai 10 da ake zaton an yi musu haka tsakanin 23 ga Maris da 23 ga Afrilu 2020. Cikin shekaru uku na baya, in an raba daidai, abin da ake samu a irin wannan wata bai kai ɗaya ba. Amma asibiti ɗaya ne, wata ɗaya, ba a yanke wa ƙasa hukunci da shi.

A Amurka lissafin ya fito da wata fuska. Hukumar tsare lafiyarsu, CDC, ta ga yaran da ake kai wa sashen gaggawa saboda duka ko rashin kulawa sun ragu da kashi 53 cikin ɗari a farkon annobar, in an gwada da 2019. Mai karatun gaggawa sai ya ce madalla. To, amma waɗanda rauninsu ya kai a kwantar da su ba su ragu haka ba: daga kashi 2.1 cikin ɗari na waɗanda aka kawo a 2019, suka koma 3.2 a 2020. Watau mai ƙaramin rauni an bar shi gida, sai wanda ya jigata aka ɗauko. A Faransa kuma, a asibitin Necker na Paris, ba a ga ƙari ba cikin 2020, sai cikin 2021 adadin ya kusa ninkawa.

Ga abin da ya shafi hakimai da malamansu. Littafin asibiti ba ya ƙidaya sai wanda ya iso ƙofa. In annoba ta hana zirga-zirga aka ga lambar jarirai ta faɗi, kada malami ya rubuta cikin rahoto cewa an sami sauƙi, sai ya gwada ta da littafin mutuwa na dagatai. Ya kamata hakimi ya sa a yi shela cewa dokar hana fita ba ta hana kai jariri asibiti, don ko a Landan iyaye biyu sun ce tsoron kamuwa da cutar ne ya sa suka yi jinkiri. A gaya wa ungozomomi su koya wa iyaye cewa in kuka ya kai su bango, su kwantar da jariri rigingine a wuri amintacce, su fita tsakar gida su huce. In kuwa jariri ya rasu, malami ya rubuta watanninsa, da alamun da aka gani, da ko an kai shi ga likita.