Atisayen Golf a Kan Kafet Lokacin Damina

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a New Bell, Douala. Na fara wasan golf, amma ruwan damina yakan hana ni zuwa filin Likomba da ke Tiko. Ko atisaye a kan kafet zai amfane ni?

Amsa: Alhaji, zai amfane ka ƙwarai, musamman wajen bugun ƙarshe na tura ƙwallo cikin rami. Samu kafet mara kauri, domin mai kauri yana rage gudun ƙwallo. Faɗin ramin golf santimita 10.8 ne; yanka kwali daidai haka ka ajiye. Fara daga mita ɗaya, sai ka matsa zuwa biyu. Kada ka ɗaga kai kafin ƙwallon ya tafi, kuma kafaɗu za su motsa sandar, wuyan hannu ya tsaya cik. Guji bugu mai ƙarfi a ɗaki saboda yara da gilasai.

Kafet ba ya koyar da gangaren ciyawa, wannan sai a fili. Minti 15 kullum ya ishe ka. Allah ya ba da sa'a.