Amsar Tambaya: In Rage Wa Motata Tsawo?

Tambaya: Ina da a-kori-kura, ina ɗaukar albasa da shinkafa daga Gandi zuwa Sakkwato. Na ga motocin tsere a waya sun kwanta ƙasa, an ce ƙarfe ake sa wa tsakanin sifirin da aksul. In yi wa tawa? Daga wani direba a Gandi.

Amsa: Malam, Allah ya tsare hanya. Shawarata, kada ka yi. Motocin tseren nan na Amurka gudun mita 402 suke yi a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta, ba kaya. Kai kuwa buhuna kake lodi, ka bi rairayi da ramuka, da damina ga taɓo.

Idan aksul yana saman sifirin, ƙarfen zai sauke motar, cikinta ya riƙa bugun ƙasa. Yana kuma nesanta aksul da sifirin, sai sifirin ya riƙa murɗewa duk lokacin da ka taka totur ko birki. Daga nan taya ta fara tsalle, farfela ta karkace, mahaɗinta ya cinye da wuri. Kuma ƙarfen ba ya ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar ko buhu ɗaya.

In bayanta ya zauna, je wurin ƙwararren bakanike ya duba ganyen sifirin, ya canza wanda ya tsage, ya ɗaure notuna tamau, ya gwada shakazoba. Ka bar motarka a tsawon da kamfani ya yi ta, ka rage lodi. Lafiyarka da ta yaran motarka ta fi ado.