Yadda A Ke Lissafin Maganaɗisu A Cikin Siririn Falle

'Yan'uwana ɗalibai, lokacin da na ke gwajin koyarwa wani yaro ya tambaye ni amfanin yawan tarawa da ninkawa da mu ke sa su yi. Amsata ba ta gamsar da shi ba. Ga wadda na samo daga baya.

A shekarar 1911, a Leiden ta ƙasar Holan, Kamerlingh Onnes ya sanyaya zaiba har kusan digiri 269 ƙasa da sifiri, sai ya ga lantarki na wucewa cikinta ba tirjiya ko kaɗan. A 1933 kuma Meissner da Ochsenfeld suka gano irin waɗannan abubuwa su kan kore ƙarfin maganaɗisu daga cikinsu. Amma waɗansunsu, in ƙarfin ya yi yawa, sai ya kutsa ciki tsilli-tsilli, ya maƙale. Ko an janye maganaɗisun, wani abu ya kan saura, watau abin ya zama maganaɗisu shi kansa. A 1962 C. P. Bean ya kawo ƙa'ida mai sauƙi: duk inda ƙarfin ya shiga, lantarki na gudana a wurin iyakar abin da jikin zai iya ɗauka.

To, wahalar tana ga siririn falle, wanda gashin kai ya fi shi kauri sau 50. Ƙarfin da ya faɗo masa daga bisa ya kan taru a bakinsa, lantarkin kowane wuri kuwa yana taɓa dukan sauran wurare. Fensir da takarda sun isa a lissafa falle mai siffar faifai ko dogon tsiri, amma mai kusurwa huɗu ya gagara.

Sai masana, irin su E. H. Brandt na Stuttgart a Jamus, cikin shekarun 1990, suka yi dabara. A kan raba fallen gida-gida kamar takardar lissafi. Kwamfuta ta lissafa yadda kowane gida ya ke shafar sauran, sa'an nan a ƙara ƙarfin kaɗan, a sake lissafi, har sau dubbai. Lissafin ya nuna ƙarfin ya kan fara shiga ta tsakiyar kowane gefe, ya yi jinkiri a kusurwoyi, har a ga layuka biyu sun gitta juna kamar bayan ambulan. Hotunan da aka ɗauka a ɗakin gwaji sun nuna haka.

Wannan ba wasa ba ne. Motsin ƙarfin nan ya kan haifi zafi, zafin kuwa ya kan ɓata aikin fallen, wani lokaci har ya lalata shi. Masu yin wayar manyan maganaɗisu da irin wannan falle lalle su san haka tun kafin su ƙera.

Ran da na koma aji zan zana gidajen nan a allo, in nuna wa yaron cewa aikin da a ke yi cikin kowane gida tarawa ce da ninkawa.